Kwana Tara a Estoniya da Takardar Tambayoyin da Ban Raba Ba

Awa biyu jirgin ruwan ya yi yana keta teku daga Helsinki na ƙasar Finlan kafin hasumiyoyin tsohon garin Talin, babban birnin Estoniya, su fara leƙowa ta cikin hazo. Watan Nuwamba ne. Na hau saman jirgin don in ɗauki hoto, iska ta kwaɗa mini mari ɗaya, na koma ciki ba shiri. Kilomita 80 ne ko kusa da haka tsakanin biranen biyu, kusancin da ya sa a zamanin Tarayyar Sobiyat mutanen arewacin Estoniya ke kama talabijin ɗin Finlan a ɗakunansu, suna kallon irin rayuwar da aka ce musu babu ita.

A jakata akwai kwafi 40 na wata takardar tambayoyi da na kwashe wata uku ina yi mata kwaskwarima. Bincike nake yi a kan abin da ake kira sauyin dijital, wato yadda kwamfuta da intanet da tarin bayanai ke canza aikin kamfani ko hukuma ko gwamnati tun daga tushe. Tambayoyina irin waɗanda kowa a fagen ke yi ne. A ma'aunin 1 zuwa 5, ina ma'aikatarku ta kai? Shugabanninku sun karɓi sauyi? Kuna da tsari a rubuce? Ranar da zan taso malamina ya duba takardar, ya cire tabarau ya ce, "To, ka je dai. Amma ka buɗe ido fiye da yadda za ka buɗe jaka." Na ce, "In sha Allahu, Malam." Ban gane inda ya dosa ba.

Dalilin zaɓen Estoniya a fili yake: da wuya ka karanta maƙala a kan gwamnatin dijital ba ka ci karo da sunanta ba. Ƙasa ce 'yar ƙarama, mutanenta miliyan 1.3 da 'yan kai, ta maido da 'yancinta a Agustan 1991 aljihu wayam. Labarin da suka fi so su ba baƙo shi ne, a farkon shekarun nan Finlan ta yi musu tayin tsofaffin na'urorin tarhonta kyauta, suka ce a kai kasuwa, sabo za su gina. A 1996 shugaban ƙasa Lennart Meri ya sanar da shirin Tiigrihüpe, wato Tsallen Damisa, aka bi makarantu da kwamfuta da intanet. Daga nan abubuwa suka jeru kamar carbi: cike takardar haraji ta intanet a 2000, hanyar musayar bayanai ta X-Road a 2001, katin shaida mai sa hannun dijital a 2002, jefa ƙuri'a ta intanet a 2005, takardar maganin likita a 2010. Raba aure ne ya daɗe yana buƙatar mutum ya taka da ƙafarsa tun daga matakin farko, shi ma tun ƙarshen 2024 ana shigar da buƙatarsa ta intanet. Duk wannan na haddace shi tun kafin in yanki tikiti.

Sai ga shi fasahar farko da aka miƙo mini a ƙasar ba ta amfani da wuta ma. Matar da ke karɓar baƙi a masaukina ta dubi baƙar rigar sanyina, ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko wani ɗan roba mai ƙyalli, ɗaure da zare da fil. Suna kiransa helkur. Ta ce in maƙala a gefen riga, doka ce ga mai tafiya a ƙasa cikin duhu, don fitilar mota ta haska shi. Ashe kuwa da gaskiyarta, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu ɗulum.

Washegari aka haɗa ni da wata tawaga ta manyan jami'ai daga wata ƙasa, muka shiga zauren da ake nuna wa baƙi yadda tsarin ke aiki. Wani saurayi ya zura katinsa a kwamfuta, ya buga lambar sirri, rayuwarsa ta bayyana a bango: harajinsa, motarsa, magungunan da likita ya rubuta masa. Ya yi mana bayanin X-Road, su suna ce masa X-tee. Babu wani ƙaton rumbu guda da aka tara bayanan kowa a ciki. Hukumar haraji na riƙe da nata, 'yan sanda da nasu, asibitoci da nasu. X-Road hanya ce a tsakaninsu. Idan wata hukuma na son wani bayani sai ta aika tambaya ta wannan hanya, tambayar ɗauke da sa hannu da lokaci, kuma a rubuta cewa an yi ta. Ƙa'idar ita ce, abin da gwamnati ta riga ta sani game da kai, ba za ta sake tambayarka ba. Sannan ya buɗe shafin da ya fi burge ni: jerin hukumomin da suka leƙa bayanansa, da ranar da suka leƙa. Yana iya bin kowanne ya tambayi dalili.

Shugaban tawagar ya gyara zama ya ce, "Nawa za ku sayar mana?" Saurayin ya ce manhajar kyauta ce, tun 2016 aka buɗe ta ga jama'a, kowa na iya ɗauka, kuma wata cibiya ta haɗin gwiwar Estoniya da Finlan da Aisilan ce ke kula da ita. Aka yi dariya, shugaban ya ɗauka zolaya ce. Ni kuwa na lura da abin da saurayin ya ƙara a hankali, wanda ba kowa ya rubuta ba: kafin hanyar ta yi amfani, sai kowane mutum yana da lamba guda tasa, tasu mai alƙaluma 11 ce, sai rajistocin da za a haɗa sun zama sahihai, sai doka ta ba sa hannun dijital ƙarfin sa hannun biro, sai kuma an hukunta ma'aikacin da ya leƙa fayil ɗin maƙwabcinsa don gulma. A nan gizo ke saƙa.

Da yamma na zaga Ülemiste, unguwar kamfanonin fasaha da ke jikin filin jirgin sama. An gina ta ne a harabar tsohuwar masana'antar Dvigatel, wadda ta fara da ƙera taragon jirgin ƙasa tun zamanin sarakunan Rasha. Tsofaffin gine-ginen dutse na nan tsakanin sababbi na gilashi. Ganinsu ya tuno mini da tsohuwar gardamar da fagenmu ya gada. A 1987 masanin tattalin arziki Robert Solow ya ce ana ganin zamanin kwamfuta a ko'ina, ban da cikin alƙaluman yawan abin da ma'aikata ke samarwa. A 1990 Paul David ya ba shi amsa da tarihin lantarki. Tsohuwar masana'anta injin tururi ɗaya gare ta, yana juya wani dogon ƙarfe da ya ratsa ƙarƙashin rufi, daga jikinsa bel-bel ke saukowa zuwa kowace na'ura. Da lantarki ya zo, masu masana'antu suka cire injin tururin suka dasa ƙaton injin lantarki a gurbinsa, dogon ƙarfen da bel ɗin suna nan yadda suke. Ribar ba ta taka kara ta karya ba. Sai da aka ba kowace na'ura ɗan ƙaramin injinta, aka sake shimfiɗa masana'antar bisa yadda aiki ke gudana, aka sake horar da ma'aikata, sannan amfanin ya fito a shekarun 1920, kusan shekara 40 bayan tashoshin lantarki na farko. Erik Brynjolfsson da abokan aikinsa sun sake tayar da zancen a zamaninmu: sabuwar fasaha takan fara da cin kuɗi da lokaci a abubuwan da ba sa fitowa a lissafi, kamar horo da sake tsarin aiki, kafin ta fara biya. Na tsaya ina tunani, idan abin shekaru yake ɗauka haka, me takardar da za a cike cikin minti goma za ta gano?

Wadda ta ƙarasa kashe mini gwiwa wata malamar jami'a ce da muka yi alkawarin haɗuwa a rana ta uku. Mutanen nan ba su da yawan magana, kuma shiru ba ya damunsu. Ta karanta takardata daga farko har ƙarshe ba ta ce uffan ba, har na fara shan jinin jikina. Can ta ce, "Wa zai cike?" Na ce daraktocin sashen fasaha. Ta ce, "Wato za ka tambayi mutumin da ya kashe kuɗin ko kuɗin ya yi amfani."

Daga nan hira ta buɗe, muka shiga halin da binciken ke ciki, kuma ban ji daɗin yadda na yarda da ita ba. Rubuce-rubuce sun yi ambaliya tun wajen 2015, amma kaso mai yawa gardama ce a kan ma'anar kalmar kanta. A 2019 Gregory Vial ya tattara ayyuka 282 ya nazarce su, ya tarar da ma'anoni 23 mabambanta. A 2021 Peter Verhoef da abokansa suka raba abin hawa uku, kuma rabon nasu yana da amfani: akwai mayar da takarda cikin kwamfuta, akwai gyara hanyar aiki da fasaha, akwai kuma canza aikin ɗungurungum. Malamar ta ba ni misali daga ƙasarta. Hawa na ɗaya, ka sauke fom ka buga ka cike. Na biyu, ka cike shi a waya. Na uku, babu fom ɗin: tun 2019 idan aka yi rajistar haihuwa, hukuma ce ke aiko wa iyaye da tayin kuɗin tallafin da ya kamace su, su dai su danna amincewa. Mafi yawan abin da ake yi wa laƙabi da sauyin dijital a duniya, in ji ta, hawa na ɗaya ne aka sa masa babbar riga.

Bayan gardamar ma'ana sai nazarin nazarce-nazarce, wani ya taƙaita maƙalu ɗari, wani ya taƙaita masu taƙaitawa. Wanda ya fita filin ma, galibi manyan kamfanonin ƙasashe masu arziki yake zuwa, ya zauna da shugabanni, ya ɗauki hoton rana ɗaya ya tafi. Ta tambaye ni ko na taɓa rubuta cewa kashi 70 cikin 100 na irin waɗannan shirye-shirye faɗuwa suke yi. Kunya ta rufe ni, don yana shafin farko na shawarar bincikena. Ta ce in koma in bi sawun adadin. Na bi a daren nan. Ɗaya daga cikin tushensa ƙiyasi ne da Michael Hammer da James Champy suka yi a 1993 a kan sake tsarin kamfanoni, su da kansu suka ce ba na kimiyya ba ne. A 2011 Mark Hughes ya binciki wuraren da aka fi jingina adadin gare su, bai samu wata hujja tsayayya ba. Amma har gobe yana yawo daga maƙala zuwa maƙala, kowa na cewa wane ya ce.

Da muka fito ta raka ni har Tõnismägi, wani ɗan fili kusa da babban ɗakin karatu na ƙasa. Ba abin da za ka gani sai shuke-shuke. A nan mutum-mutumin sojan Sobiyat na tagulla yake tsaye kafin gwamnati ta ɗauke shi zuwa maƙabartar sojoji a Afrilun 2007. Tarzoma ta ɓarke, daga ranar 27 ga wata kuma aka yi wa shafukan bankuna da jaridu da ma'aikatu ruwan hare-hare ta intanet har kusan mako uku. Shekara ɗaya bayan haka ƙungiyar NATO ta kafa cibiyarta ta tsaron intanet a Talin. Fargabar maƙwabciyarsu Rasha ce kuma ta sa a 2017 suka ƙulla yarjejeniya da Luksamburg, suka ajiye kwafin muhimman rajistocinsu a can, a wani wuri mai kariya irin ta ofishin jakadanci.

Amma ita abin da ya fi tsaya mata a rai na 2017 ne. Masu bincike a jami'ar Masaryk ta ƙasar Cek suka gano rauni a ɗan ƙarfen da ke jikin katunan shaida, raunin da ya shafi katuna wajen 760,000, fiye da rabin al'ummar ƙasar, ga zaɓen ƙananan hukumomi saura makonni. Gwamnati ta fito ta faɗa wa jama'a. Aka yi zaɓen, aka samar da hanyar sabunta kati daga gida, a farkon Nuwamba aka dakatar da waɗanda ba a sabunta ba. Ta ce ta tuna layukan da aka yi a ofisoshi, da daren da ta yi ta gwadawa manhajar na ƙin buɗewa saboda cunkoso. "Wannan watan ya fi shekara goma na nasara koyar da mu," in ji ta. "Je ka ƙirga maƙalu nawa aka rubuta a kansa, ka kwatanta da na yabo." Ta ƙara da cewa sun taɓa sa wa kansu ƙa'idar kada wata muhimmiyar manhajar gwamnati ta wuce shekara 13 ba a sake ta ba. Faɗa da baki ya fi cikawa sauƙi, domin ɗan siyasa yana son yanke kyallen buɗe sabon abu, ba wanda ke ɗaukar hoto da gyaran tsoho.

Rana ta biyar na hau jirgin ƙasa mai launin ruwan lemo zuwa Tartu, tafiyar awa biyu da ɗoriya cikin dazuzzuka da fadamu. Sanyin dandamali ya zuƙe batirin wayata, tikitina kuwa yana cikinta. Da mai duba tikiti ta iso na nuna mata baƙin gilashi ina ta kame-kame. Ko gezau ba ta yi ba. Ta nuna mini soket a gefen kujera, ta ɗaga yatsu biyar, ta wuce. Bayan minti biyar ta dawo. Na rubuta a bayan ɗaya daga cikin takarduna cewa tsarin ya yi aiki ne saboda wata mata ta yi haƙurin minti biyar. Wannan ne karo na farko da takardun suka yi mini amfani.

Tartu garin ɗalibai ne, jami'arsa tun 1632. A can ne Kristjan Vassil da Mihkel Solvak suka yi irin binciken da na fara ganin ya kamata a yawaita: sun bi masu jefa ƙuri'a ta intanet zaɓe bayan zaɓe. A 2005 mutum 9,317 ne kacal suka gwada, ƙasa da kashi 2 cikin 100 na masu zaɓe. A zaɓen majalisa na 2023 sun haura 312,000, fiye da rabi. Abin da masanan suka gano shi ne, a zaɓuka uku na farko masu yin hakan mutane ne na musamman, masu ilimi da sabo da kwamfuta. Daga baya bambancin ya dushe, abin ya bazu cikin jama'a. Da a 2007 aka tsaya aka yanke hukunci, da an ce fasahar 'yan boko ce. Sun kuma nuna cewa sauƙin bai jawo tururuwar sababbin masu zaɓe ba, mai niyyar yi ne ya samu hanya mafi sauƙi. Tsarin yana ba ka damar sake jefawa sau nawa kake so a kwanakin da aka ware, ta ƙarshe ce ake ƙirgawa, ta takarda kuma tana soke ta intanet, don wanda aka tsaya a kansa ya jefa ya samu damar warwarewa. Duk da haka ba a rufe gardamar ba. A 2014 wata tawaga da Alex Halderman na jami'ar Mishigan ke ciki ta ce tsarin na da raunin da wata ƙasa za ta iya amfani da shi, hukumar zaɓe ta musanta, kuma har yau akwai jam'iyyar da ba ta yarda da shi ba.

Wata ɗaliba mai digiri na uku ce ta ce in bar ofisoshi in bi ta wani ɗan gari a kudu, inda gwaggonta ke riƙe da ɗakin karatu. Ɗaki biyu ne, da murhun ɗumama ɗaki, da kwamfuta biyu a lungu, kowace da ɗan akwatin zura kati. Muna zaune wani dattijo ya shigo yana kakkaɓe hula. Ya ce "tere", ya zauna, ya ciro kati daga walat, ya kuma ciro wani ambulan da ya sha naɗi har ya yi laushi. A ciki lambobin sirrinsa suke: ta farko mai alƙaluma 4 ta shiga, ta biyu mai 5 ta sa hannu. Yatsunsa masu kauri ne, na wanda ya yi aikin gona ko daji, kuma suna rawa. Ya buga ta farko ba daidai ba. Ya sake, ba daidai ba. Matar ta dafa hannunsa, domin kuskure na uku zai kulle katin. Ta karanta masa alƙaluman ɗaya bayan ɗaya, ya danna. Daga nan ita ta riƙe linzamin kwamfutar, tana karanta masa abin da ke allo, yana gyaɗa kai, har aka gama abin da ya kawo shi. Ya mayar da ambulan cikin aljihun ƙirji, ya maɓalle, ya ce "aitäh".

Da ya fita ɗalibar ta fassara mini abin da gwaggonta ta ce: sauran lokuta 'yarsa ce ke yi masa daga birni, lambobin suna wurinta, duk da cewa ba a yarda mutum ya ba wani lambarsa ba. Sai ta dube ni ta ce, "Ka san yadda rajista ta rubuta abin da ka gani yanzu? Ɗan ƙasa mai shekara saba'in da wani abu ya yi hulɗa da gwamnati ta intanet, cikin nasara." Wato a alƙaluman da nake kwafowa ina sawa a maƙala, wannan dattijo shaida ne cewa tsofaffi sun iya. Matar da ta yi aikin ba ta cikin lissafin kowa. Ta ɗauko wani littafin rubutu na 'yan makaranta ta nuna mini, ta ja layi-layi, kowace rana da adadin waɗanda ta taimaka wa da abin da ya kawo su. Ba wanda ya sa ta, ba kuma wanda ya taɓa neman ya gani.

Kada a ɗauka ƙasar ta yi sakaci da wannan ɓangare. Tsakanin 2002 da 2004 wata gidauniya da bankuna da kamfanonin sadarwa suka kafa ta koya wa manya sama da 100,000 amfani da intanet kyauta, kusan ɗaya cikin goma na baligan ƙasar. Abin da na gani shi ne aikin ba ya ƙarewa. Wanda ya koya yana da shekara 50 yau ya haura 70, ido ya raunana, shafin da ya saba da shi an canza masa fasali sau da yawa.

A jirgin komawa Talin na cika bayan takardu goma sha. Na ga cewa inda binciken zai nufa, ko ya so ko bai so ba, shi ne wurin da na'ura ke yanke hukunci a kan mutum. A Ostireliya tsarin da aka yi wa laƙabi da Robodebt ya riƙa raba kuɗin shigar mutum na shekara daidai-wa-daida a kan makonni, ya ƙaƙaba wa masu karɓar tallafi bashin da ba su ci ba, har gwamnati ta amince ta mayar da kuɗin basussuka 470,000, kwamitin bincike kuma ya yi tir da shirin a 2023. A Holan an zargi dubban iyaye da zambar kuɗin renon yara bisa kuskure, gwamnati ta yi murabus a Janairun 2021. Duka biyun, kafin asiri ya tonu, da an ba daraktocinsu takardata da 5 za su ba kansu. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta shigo. Tarayyar Turai ta kafa mata doka da ta fara aiki a Agustan 2024, Estoniya kuwa ta sake wani tsallen a 2025, ta fara sa ta a hannun ɗaliban manyan azuzuwan sakandare da malamansu. Wa zai bi yaran nan shekara goma ya ga abin da ta yi wa karatunsu? Kuɗin bincike shekara uku yake ƙarewa, digiri ma haka.

Akwai kuma tambayar shugaban tawagar nan, wadda ta fi yadda aka yi mata dariya nauyi. Richard Heeks na jami'ar Mancesta ya daɗe yana cewa abin da ke kashe irin waɗannan ayyuka shi ne tazarar da ke tsakanin yadda aka zana tsari da yadda wurin yake a zahiri. Kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ya yi wa mutum miliyan 1.3 daidai ba lallai ya shiga jikin ƙasa mai miliyan ɗari ba, shi ya sa idon masu bincike ya fara karkata ga Indiya da lambar shaidar mutum ta Aadhaar da tsarin biyan kuɗi na UPI, da irinsa na Barazil mai suna Pix da ya fara a 2020, da M-Pesa, tsarin tura kuɗi ta waya na Kenya tun 2007. A kan M-Pesa ne Tavneet Suri da William Jack suka wallafa a 2016 cewa ya fitar da gidaje 194,000 daga talauci, wasu masana kuma suka fito a 2019 suka ƙalubalanci lissafin. Irin wannan sa-in-sa ta fi mini gardamar ma'ana sau dubu, don aƙalla a kan mutane ake yin ta. Ga mutum biliyan 2.6 da alƙaluman 2024 suka ce ba sa hawa intanet sam. Ga wutar da rumbunan bayanai ke sha, kusan kashi 1.5 cikin 100 na lantarkin duniya a 2024, ana kuma hasashen ya ninka kafin 2030, abin da da wuya ka gan shi a maƙalar da ke yabon ofis marar takarda.

Daren ƙarshe na kira malamina. Na ce, "Malam, ko ɗaya ban raba ba." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To me ka samo?" Na ba shi labarin ambulan da littafin 'yan makaranta. Na ce ina so in canza shawarar binciken, in zauna a ɗakunan karatu uku ko huɗu, in dawo shekara bayan shekara, in kwatanta abin da rajista ta rubuta da abin da ya faru a kan kujera. Ya ce kwamiti zai tambaye ni ina ma'aunina, kuma mujallu sun fi son lissafi mai tebur. Na ce na sani, ranka ya daɗe. Ya ce, "Rubuto mini shafi biyu kafin Litinin. Ka cire kashi 70 ɗin nan."

Kafin in bar garin nan na kudu na riga na roƙi matar, ta bakin 'yar ɗan'uwanta, ko za ta bari in dawo in zauna a lungun kwamfutocin na ɗan lokaci. Ta yi tunani, ta buɗe littafinta ta juya shafuka baya, ta tsaya a inda layukan suka cunkushe har rubutu ya gangara gefe. Ta ce in zo tsakiyar Fabrairu, lokacin da ake buɗe cike takardar haraji. Ta dubi takalmina ta ƙara wata magana, yarinyar ta yi dariya kafin ta fassara: wai in zo da safa mai kauri, kujerar baƙo ita ce ta kusa da ƙofa.